Jan karen da ya faɗo daga motar mafarauta

Shekarun baya, lokacin muna haya a Parakou, can bakin hanyar da ta nufi Djougou, na taɓa yin baƙo mai ƙafa huɗu. Ni da kare kuwa ba ma shiri ko kaɗan. Ko kwikwiyo na hango a lungu sai in canja hanya, shi ma in na fita ke nan, don ni macen gida ce. Koko da ƙosai nake sayarwa a zaure, duniya kuma da kunne nake binta. Ina bakin murhu zan gaya muku babur ɗin wa ya wuce, da wace Bafulatana ce ke tallan wagashi, cukun nan na nono, a bayan katanga.

Wata safiya da rani na zagaya bayan madafa ɗibar itace, sai na ga idanu biyu suna kallona. Ihun da na yi, surukata ta fito da ɗankwali a hannu. Jan kare ne siriri, an yanke masa gefen kunne ɗaya, ƙafarsa ta baya ta kumbura, ya lafe tsakanin itace da katanga. Ko haushi bai yi ba.

"Kare a gidan da ake salla? Maza ki kore shi," in ji surukata.

"Inna, ke ce babba, ki zo ki kore shi."

"Girman nawa bai kai nan ba," ta ce, ta koma ɗaki ta turo ƙofa.

Da maigidana ya dawo daga kasuwa, don mahauci ne, ya leƙa ya ce na mafarauta ne, yankan kunnen shaida ce. A wajenmu in rani ya yi, maza kan cika kamiyo, wato babbar mota, da kulake da karnuka su tafi farauta daji, su dawo bayan la'asar suna waƙa suna busa ƙaho. Kusa da gidanmu akwai tudun nan da ake yi a kan kwalta don motoci su rage gudu. Ya ce can ya faɗo, ya jawo jiki har gidanmu.

"Mai keji zai zagayo, sai ya ɗauke shi," ya ce.

Mai keji wani mutum ne da ke yawo da kejin ƙarfe a bayan babur yana karɓar karnuka. Kowa ya san inda suke ƙarewa, a tukunya. Na dubi dabbar nan, ta dube ni. Na ce, "Maigida, a bari ko mai shi zai zo." Ya ce, "To, har mai keji ya zo. Ranar da ya zo, babu ruwana."

Haka na zama mai jinyar kare. Kada ku ɗauka jarumta na yi. A fasasshiyar ƙwarya nake zuba masa abinci, in tura da gorar da muke tokare igiyar shanya, ni ina can nesa da shirin gudu. Ranar farko koko da ƙosai na ba shi. Ya cinye ƙosan, ya kalli kokon, ya kalle ni, kamar yana tambaya ko lafiyata ƙalau. Maigida kuma, mai cewa babu ruwansa, ya fara dawowa da ƙashi a leda wai na miya ne. Ƙashin da ko tsoka babu a jikinsa, wace miya?

Motocin mafarauta suna ta wucewa, karen nan ko kunne ba ya ɗagawa. Sai wata yamma wata ta wuce da irin nata ƙahon, busa biyu gajeru, ta ukun doguwa mai karyewa a ƙarshe kamar zakaran da ke koyon cara. Kare ya miƙe a kan ƙafa uku, yana kuka yana yaƙushin katanga. Kafin in nemo mayafi mota ta yi nisa. Amma na ji waƙarsu, da yaren Yom suke yi. Ni haihuwar Djougou ce, a cikin masu yaren na tashi. Na ce wa Inna mai karen nan mutumin wajenmu ne.

Bakina ba ya riƙe magana, duk wanda ya zo sayen koko sai na ba shi labari. Ba a jima ba wasu mafarauta biyu na unguwar gaba suka yi sallama, wai karensu ne. Wallahi na ji daɗi, har na fara yi musu godiya. Inna ce ta leƙo ta taga.

"Naku ne? To, ku kira shi mana."

Ashe kowane mafarauci da irin fitonsa, karensa kuma ba ya amsa na wani. Wannan ya yi fito, wancan ya yi, har jijiyar wuyansu ta tashi. Kare ya juya musu baya ya ci gaba da gwaguyar ƙashinsa.

"Madam, wannan karen kurma ne," in ji ɗayan.

"To naku kurma ne ko mai ji?" in ji Inna. Suka fita suna dariyar kunya.

Ranar da nake tsoro ta zo. Da hantsi na ji ƙarar kejin nan yana kaɗawa a bayan babur tun daga kwanar masallaci. Maƙwabta sun riga sun gaya masa, don su ma suna tsoron kada karen ya taɓa awakinsu. Ya tsaya a ƙofar gida da igiya a hannu, maigida na gefe yana sosa ƙeya. Sai dai a safiyar nan, ina cikin suya, na ji ƙahon mai karyewa ya wuce zuwa daji. Wanda ya tafi kuwa ta nan zai dawo.

"Maigida, ka ba ni zuwa magariba."

"Mun yi magana da ke fa."

"Mun yi. Zuwa magariba kawai, don Allah."

Mai keji ya ce shi ba ya son rigimar mata da miji, zai zagaya ƙauyuka ya biyo da yamma.

Bayan la'asar na ɗauki kujerata na zauna bakin kwalta, daidai tudun nan. Matan unguwa suka samu abin yi. "Lafiya? An kore ki ne?" "A'a, ku bar ta, rana ta zo gani, an ce mata akwai ta." Na ƙyale su, kunnena na kan hanya. Kamiyo ɗaya ta wuce, ba ita ba ce. Wata ta wuce da ganguna, ba ita ba ce. Rana ta yi ja. Can sai na jiyo ƙahon daga nesa.

Ban san lokacin da na shiga tsakiyar hanya ina kaɗa faifai ba. Direba ya taka birki ya leƙo. "Hajiya, in mutuwa kike nema, ba a motata ba!" Maza cike da mota, ga kulake ga karnuka, duk suna kallona. Na tattaro ɗan Yom ɗina na ƙuruciya na ce, "Wa ya yar da jan kare mai yankakken kunne?"

Waƙa ta tsaya. Suka juya baya suna kiran wani. Aka sauko da wani tsoho a hankali, farar yana duk ta rufe idanunsa. Na kai shi ƙofar gidanmu, ya ƙi shiga, ya ce ƙafarsa da ƙurar daji. Daga nan ya yi wani ɗan fito ta tsakanin haƙora, siriri, wanda ko ni da ƙyar na ji.

Karen da nake tura wa abinci da gora ya ratso zaure kamar ba shi ne mai ciwo ba, ya kifar min da robar gasara. Tsoho ya zauna a ƙasa yana lalubar ƙafar da hannu, yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa. Ya ce shi mutumin Sérou ne, wani ƙauye can wajen Djougou.

"'Yata, ni ba farauta nake zuwa ba yanzu. Idon ya tafi. Shi ke gaba, ni ke baya, haka muke zuwa gona. Yaran nan ne suka are shi ranar. Tun da ya faɗi nake bin motar nan ina fito a hanya, amma yaran nan da ihunsu wa zai ji ni?"

"Baba, ai ga shi Allah ya haɗa ku."

Suka miƙo min wani ƙaton zomo na godiya. Inna daga zaure ta ce, "Wa ya yanka?" Suka dubi juna, ashe kulki ne ya yanka. Aka yi dariya, aka mai da zomo mota. Mai keji ya iso ana ɗora kare, ya girgiza kai ya ce, "Madam, kin iya ɓata wa mutum kasuwa," ya wuce.

Abin da ya ba ni haushi, karen nan ko waige bai yi ba. Ina tsaye ina ɗaga hannu kamar mai rakiyar amarya, shi kuwa ya cusa kai a cinyar tsoho har mota ta ɓace. Maigida ya daɗe yana tsokanata, wai ɗana ya tafi babu sallama. Na yi kwanaki ina cewa butulu ne.

Yanzu in na tuna daɗi nake ji. Da ya tsaya yana waiwayena, da har yau ina tambayar kaina ko na ba wanda ba shi ba. Yadda ya manta da ni nan take, shi ya kwantar min da hankali. Wannan tsohon ne nasa, ni masauki ce kawai a hanya, kuma hakan ya ishe ni.