Na Bar Rufi Da Ƙishirwa, Na Ɗora Wa Doguwa Laifi

A shekarar da wannan abu ya same ni, ni ne maginin rumbu da ake ji da shi a ƙauyenmu, nan wajen Kiyeshe. Shekara arba'in ina cuɗa laka da ƙafa, ban taɓa jin an ce rumbun da na ɗora ya zube ba. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji uku na yi, na ga malamin ya fi son bulala da alli, na bar mashi kayanshi. Da wannan guntun ilimi nake rubuto muku, in kun ga harafi ya karkace ku tallabe shi.

Babban ɗana, wanda ko sunanshi ba na kamawa, yana kasuwanci a Dogon Dutsi. Da Allah ya buɗa mashi sai ya ce zai gina wa matarshi ɗakin siminti a cikin gidana, da rufin kankare wanda suke kira dal. Ya zaɓi tsakiyar bazara, don lokacin babu aikin gona, ana samun hannuwa, amalanke na kawo yashi da tsakuwa ba ta kafe ba, kuma yana so a gama kafin matar ta dawo daga wankan jego. Ya yi shawara da kowa, har da mai jaki, rijiya kaɗai ya manta bai tambaya ba.

Maginin da ya kawo daga birni wani siriri ne mai yawan bayani. Tun da sanyin safiya sunka zuba dal ɗin, kafin rana ta yi ƙarfi sun gama. Da zai wuce wani aiki a Tibiri ya zaunar da ni ya yi mani huɗuba. Ya ce siminti ba bushewa yake ba, nuna yake yi, kuma da ruwa yake nuna. A rufe shi da buhuna, a jiƙa safe da rana da marece har kwana goma sha huɗu, sandunan da sunka tokare shi daga ciki kuwa kada a taɓa su sai an yi sati uku. Na tambaye shi ko in riƙa dama wa rufin fura ma, tun da ya zama mai jego. Ya yi dariya, ya ce baba, wannan zafin ba na wasa ba ne, kuma siminti in ya ji ƙishirwa ba ya kuka sai daga baya. Ɗana ya koma kasuwa, ya bar mani amanar ban ruwa.

Kwana biyu na yi biyayya. Amma wanda ya san bazarar Arewa ya san guga rabinta laka take fitowa, mata na kan rijiya tun asuba, shanun Fulani na jere suna jiran nasu rabo. Rufin nan kuwa tano biyu, wato duro biyu na ruwa, yake sha a wuni, ka zuba ka juya baya ka tarar ya bushe kamar ba a yi ba. Rana ta uku tsohuwata, uwar ɗiyana, ta buɗe mani tafin hannunta, igiya ta yanka shi, ta tambaye ni tsakanin mutum da rufi wa ya kamata ya fara sha. Ba zan ɗora mata laifi ba, don ko ba ta yi magana ba zuciyata ta riga ta yanke. Ni da na san ruwa shi ne abokin gabar gini, rana ce ke ƙarfafa laka, yau wani ɗan birni zai sa ni yi wa ɗaki wanka? Na janye buhunan, na bar rana ta yi aikinta. Kullum in na gama alwalar azahar sai in watsa sauran ruwan buta a bisa, don in ɗana ya kira a waya ya tambaya ko an zuba ruwa, in ce yanzun nan na zuba da hannuna. A ganina ban yi ƙarya ba.

Kwana na goma sha ɗaya anka aiko cewa mai jego na tafe. Ɗaki cike da sanduna kamar kurmi, ina za a sa gado? Na ƙwanƙwasa rufin na ji tauri, na sa anka cire su, na kafa wa kaina rumfa da su a tsakar gida. Anka shafe ciki da farar ƙasa, surukata ta shiga da jaririyarta, ƴar jikata da nake kira amaryata, ina tsokanar tsohuwa da cewa na yi mata canji.

Ba a yi sati ba abu ya fara. Da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit, sai a ji ƙas, ƙas daga bisa, kamar ana karya kara. Surukata ta gaya wa tsohuwa cewa kullum tana kakkaɓe wani gari mai toka daga zanen da take rufe jaririya. Na faki ido na hau tsani. Saman rufin ya tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe, tsakiyarshi ta ɗan lotsa. Na sa ƙusa na kankara, ya marmashe kamar ƙuli. Na sauko, ban gaya wa kowa ba.

Mata sunka ce doguwa ce, aljanar nan, don an yi ginin kusa da tsohuwar tsamiya, wai an tare mata hanya. Ni kuwa na ga mafita ta zo har gida. Na gyara murya na ce lalle tun zamanin kakana ake jin motsi a wurin nan, gara a fitar da yarinya a bar wa mai wuri wurinta. A nan na haƙa ramin da ya fi ƙarfina, don ɗana na cikin samarin nan masu wa'azi da ba su son jin zancen iskoki. Da ya zo ranar Juma'a ya ji, sai ya ce ai ko don wannan magana matarshi ba za ta fita ba, shi ma a ɗakin zai zauna har a ga ƙarshen camfi. Ya ce siminti ne, an zuba shi yadda ya kamata, kuma baba da kanshi ya shayar da shi kwana goma sha huɗu, ko ba haka ba, baba? Na ce haka ne. Kalma biyu, amma har yau ina jin ɗacinsu.

Kwana uku ina zaune ƙarƙashin rumfar nan, inuwar sandunan da ya kamata a ce suna riƙe da rufin tana kaina, ina kallon ƙofar ɗakin. In jaririya ta yi kuka in ji sanyi, in ta yi shiru in miƙe tsaye.

Rana ta huɗu bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ruwan farko na shekara. Kowa na murna, ni ina tuna lotsawar nan, inda ruwa zai taru ya kwanta. Anka fara zubawa kamar da bakin ƙwarya. Ɗana da matarshi da jaririya duk suna ciki. Duk da ƙarar ruwan sai da na ji ƙas ɗin nan, wannan karon da ƙarfi. Ku da kuke Hausawa kun san uban miji ba ya taka ɗakin surukarshi, ni ko idonta ban taɓa kallo ba. Na faɗa ciki ba sallama. Ta ja mayafi ta juya baya don kunya, ɗana ya miƙe yana tambaya ko lafiya. Na sunkuci jaririya daga kan katifa na fito cikin ruwa, na san dole su biyo ni. A tsakar gida, muna jiƙe sharkaf, gaban surukata da tsohuwa, na ce babu wata doguwa, ni ne. Na faɗi zancen buta, na nuna sandunan rumfa.

Ɗana ya matso. Ya karɓi ɗiyarshi ya kai ɗakin uwarshi. Kafin la'asar munka ji wani tim. Da ruwa ya tsagaita munka leƙa, ɓallin kankare mai faɗin faifai ya faɗo, ƙarfe ya fito tsirara, kuma ya sauka daidai inda kan amaryata yake kwance ɗazu.

Magini ya zo ya buga guduma, rufin ya amsa kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya dube ni ya ce baba, ashe ko furar ba a dama ba. Anka farfashe shi duka. Ɗana bai taɓa ɗaga mani murya ba, sai dai ya yi wata biyu in ya kira waya, uwarshi yake nema, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Bayan kaka, da rijiya ta cika gari ya yi sanyi, anka sake zubawa. Ni na yi ban ruwan da kaina, tsohuwa na ƙirga mani kwanaki da tsakuwa don ta ce ba a ba kura ajiyar nama sau biyu.

To, masu niyyar gini da bazara, kafin ku sayi siminti ku leƙa rijiya, in ba ta iya shayar da ku da rufi tare, ku jira. Tsofaffi irina kuma, sanin laka ba sanin kankare ba ne, in yaro ya faɗi abin da ya sani a ji. Wanda ya yi kuskure ya faɗa tun rufi na ƙas ƙas, kada ya jira tim. Amaryata yanzu tana gudu a tsakar gida, tana ja mani gemu. Duk sa'ad da na bi ta gindin tsamiyar nan nakan rage sauri, don na yi wa mai wurin ƙazafi, ita kuwa ko tari ba ta taɓa yi mana ba.