Winshin da Na Saya Don Jirgi Ya Girma

Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: wawan wannan labari ni ne. Shekarun baya ne, gemuna bai gama fari ba, ina gadin gidan wani Balarabe a Abhur, bakin tekun Jidda, shi ne kafilina, wato mai ɗauke da nauyin zamana a ƙasar. Aikin ba wuya, sai dai rana. Ka zauna bakin get tun safe, gumi na bin bayanka, ka buɗe wa mota, ka rufe, ka koma ka ci gaba da dahuwa.

Mutumin yana da jirgin ruwa, irin mai dogon sanda a tsakiya da manyan ƙyallaye da iska ke turawa. A jirgin nan akwai rumfa, akwai firij, ga iskar teku. Sai mai kula da shi ya tafi ƙasarsu bai dawo ba. Ranar da na ji kafili yana cigiyar wani, na gyara murya na ce, "Ya Shaikh, ai ni ɗan ruwa ne. A garinmu yaro kan iya tuƙa jirgi kafin ya iya tafiya."

Allah Ya yafe mini. A garinmu sai ka zura guga gaba ashirin kafin ka ji ruwa. Sau ɗaya na taɓa shiga kwalekwale, a Yawuri, kuma a kwance na ƙetare ina salati.

Ya ce a gwada ni. Wata guda ina wanke jirgi ina goge ƙarafa, yana ɗaure a bakin ruwa, ba wanda ya gane komai. Sai maganar winshi ta taso. Ga wanda bai sani ba, winshi wani ƙarfe ne kamar ƙaramin turmi da ake kafawa a gefen jirgi. Za ka naɗa igiyar ƙyalle a jikinsa, ka sa mariƙi a kansa ka yi ta juyawa, ya ja maka abin da ƙatti uku ba za su ja ba. Namu guda biyu gishiri ya cinye su. Kafili ya rubuta lamba a takarda, talatin, ya miƙo mini.

"Irin wannan, guda biyu. Juma'a zan fita da surukina. In ka yi da kyau, halas, kai da get har abada."

To, karatuna aji uku ne, amma na san sittin ya fi talatin. Kuma ni tarbiyya gare ni. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗinka mini riga daidai jikina ba, sai wadda zan girma in tarar. Haka na yi wa 'ya'yana: takalmi a ƙara lamba biyu, a cusa takarda a gaba. Ko rigar ɗaurin aurena sai da na sa tela ya ƙara yadi, don an ce ango yakan yi ƙiba. Mai hankali ba ya sayen abu daidai. Da wannan ilimi na shiga shagon kayan jirgi.

Mai shago ya duba takarda ya ɗauko talatin. Na ce ya mayar, ya sauko da wancan ƙaton na saman kanta, lamba sittin.

"Ya Hajji, jirgin ƙafa nawa ne? Faɗin ƙyallen fa? Igiyar kaurinta kamar me?"

"Kai dai sauko da shi."

"Wannan na jirgin da ya ninka naku ne."

"Shi ya sa nake son sa."

Ya ɗaga kafaɗa ya sa aka loda mini guda biyu.

Wajen kafawa na kira abokina, makaniki ne a unguwar Madain Fahd, sa'ana, haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya zagaya winshin sau biyu kamar mai taya rago.

"Ya akhi, wannan kabir ne marra. Gindinsa ya fi mazauninsa faɗi. Kuma sai an sa farantin ƙarfe ta ƙasa, in ba haka ba zai tsage jikin jirgin."

Na ce, "Kai mota ka sani, ni ruwa na sani. Huda kawai."

Ya huda. Cikin ƙusoshi shida, huɗu suka sami wurin shiga, biyu suna lilo a iska. Da ya gama ya tattara kayansa ya ce, "Ni ban zo nan ba, kai ma ba ka kira ni ba."

Juma'a bayan la'asar kafili ya iso da surukinsa, dattijo cikin farar jallabiya mai guga, riƙe da fulas ɗin gahawa. Kafili ya tsaya yana kallon winshin.

"Ya Hajji, kumbura suka yi?"

"Sabon yayi ne, ya Shaikh."

Muka fita da inji har bakin teku, ya kashe, aka ware ƙyalle. Iska ta taso, ya ce, "Yalla, ja."

Na naɗa igiya, na sa mariƙi, na juya. Rabin zagaye, mariƙi ya daki ƙafar rumfa. Na dawo da shi baya, na sake, ya sake dukanta. Ga igiyarmu siririya, bakin winshin ya yi mata yawa, ina ja tana zamewa. Ƙyalle kuwa sai faɗa yake da iska kamar shanya a igiyar tsakar gida. Kafili yana "ja", suruki yana kallona, ni kuwa na fara tuna Yawuri. Na ƙara naɗi uku, na danne bakin igiyar da ƙafa, na zuba duk ƙarfina.

Nan fa ya kama. Gaskiya mai shago bai cuce ni ba, sittin sittin ne. Ya ja igiyar nan har jirgi ya yi nishi, sai muka ji ƙaras. Jikin jirgi ya tsage, winshi ya karkace gefe kamar hular ɗan gaye. Igiya ta kuɓuce, jirgi ya juya, gahawa ta wanke farar jallabiya daga ƙirji har gwiwa. Ni kuma, ba sai na ɓoye ba, na kwanta rub da ciki na kama salati.

Daga kwancen na ji suruki yana tambaya cikin sanyin murya, "Wannan ne ɗan ruwan naka?"

Kafili ya tayar da inji.

Washegari ina bakin get. Abokina da wani mai aikin jirage suka ɗinke tsagar, suka kafa lamba talatin da farantinsa, yini ɗaya. Shago ya karɓi ɗaya, ya ƙi karɓar wanda ya karce, sai kafili ya aiko mini da shi get, wai in riƙa ɗora butata. Shekara shida ina ɗorawa, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Yanzu dai na sani, winshi da tsawon jirgi ake auna shi, da faɗin ƙyalle, da kaurin igiya, kuma ka juya mariƙi zagaye guda cif kafin ka huda ko'ina. Na koya, kyauta na ba ku. Sai dai har yau raina bai gama yarda cewa dabarar ce ba ta da kyau ba.

Haka na ce wa matata kwanaki a ɗakinmu na unguwar Balad, tana ninke kaya. "Hajiya, in an bi gaskiya, winshin ba shi da laifi. Jirgin ne ƙarami. Da an ɗan yi haƙuri..."

Ta zura hannu ƙasan akwati ta jawo rigar ɗaurin aurenmu, ta ware ta, ta kusa rufe ƙofa.

"Malam, shekara talatin da biyar ina ba ka tuwo, ba ka cika wannan ba. Sai jirgin mutane ne zai girma?"