Duba Sama Tukuna

Jiya a unguwar Adjamé, wurin wani mai sayar da tsofaffin hotuna, na ga hoton jirgin sama ya sauka a kan ruwan lagun, babban tafkin da ke gefen unguwar Treichville.

Nan take na tuna Kawu. Duk sanda muka shiga kwale-kwale za mu ƙetare, cikin ƙarnin kifi da hayaƙin inji, sai ya taɓa kafaɗar matuƙi ya ce, “Mon petit, yarona, duba sama tukuna.” Wai a ƙuruciyarsa a kan ruwan nan jiragen saman Dakar suke sauka su sha mai, masunta su watse.

Wata rana wani fasinja ya ce, “Tsoho, jirgi ne ko agwagwa?” Aka kwashe da dariya. Kawu ya dube ni ya ce, “Kai da ka zaga duniya, gaya musu.”

Na je Jidda, na je Marseille, ban taɓa ganin haka ba. Amma na ce, “Gaskiya ne, Kawu.” Shekara da shekaru ina tsoron shaidar zur na yi.

Ashe ban yi ba. Jiya na sauke wannan nauyi. Allah ya sa kai ma ka sauka lafiya, Kawu, ya sanyaya makwancinka.