Konfam ɗin Bappa

Ɗazu a cikin keke na ji wani saurayi ya ce "konfam" a kan musun ƙwallo, sai gabana ya faɗi. Wataƙila kai kana ɗaukarta kalmar wasa. Daga Turanci ta zo, ana faɗarta ga abin da ya tabbata, wanda babu sauran musu a kansa. A gidanmu na Wuro Hausa kuwa ta Bappa ce, yayan babanmu, tsohon masinjan kotu. In ya faɗe ta, ko Inna da ta haife shi sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Shekarar da masu gudun hijira suka cika Yola, cikin zafin bazara, wani mutum ya sauka a zaurenmu da 'yarsa ƙarama. Ga-ruwa ne tun a garinsu, nan ma ya ci gaba da sana'arsa. Har yau ina jin ƙarar garewaninsa da safe, da ƙamshin randa in ya cika ta. Hausarsa a karye take, mu yara muna kwaikwayonsa, shi kuma yana dariya.

Lokacin kowane baƙo abin tsoro ne. 'Yan sintiri kan duba kafaɗar mutum, wai igiyar bindiga tana barin tabo. Wata rana zafi ya ishi baƙon namu, ya tuɓe riga a tsakar gida. Bappa ya hango kanta baƙa ƙirin a kafaɗarsa, ya aika aka kira 'yan sintirin.

Inna ta fito ko mayafi babu. "Sandar garwa ce, ɗan nan! Ruwan da ka yi alwala da shi, wa ya kawo?"

Bappa bai ko dube ta ba, ya ce, "Konfam ne. Ku tafi da shi."

Da igiyar garwarsa suka ɗaure shi. Yarinyar ta ƙanƙame ƙafarsa, aka ɓamɓare ta. Da yamma Bappa ya ci tuwonsa har da neman ƙari. Ranar na tsane shi, kuma ban daina ba.

Inna ce ta raini yarinyar, wadda yanzu take ɗinki a Jimeta. Uban ko labarinsa ba a sake ji ba. Gari ya lafa, masu ruwa ma kura suke turawa, ba mai ɗauka a kafaɗa. Bappa ya tsufa, ido ya tafi. Bara yarinyar ta zo ta durƙusa a gabansa, ta tambaye shi ko ya taɓa yin shakka, ko sau ɗaya.

Ya gyara zama ya ce, "Da ba shi da laifi, ai da ya dawo ya ɗauke ki."