Farin ɗankwalin ranar suna

Shekara biyu na yi ina kula da wata tsohuwa 'yar Biyetnam a Bronx, bas ɗaya daga Highbridge inda nake haya. Ba ta jin Turanci, ni kuwa yarensu ko gaisuwa ban iya ba, don haka da hannu da harara muke magana. Ta iya harara, ni ma ba baya ba.

Kayanta na kullum riga ce da wando na yadi ɗaya, mai sulɓi, mai ƙananan furanni. Ranar farko na ɗauka kayan barci ne, na shiga neman abin da zan canja mata, ta buge min hannu. Ashe a ƙasarsu har kasuwa ake zuwa da su. Akwai kuma doguwar rigarta ta biki a rataye, mai tsaga gefe biyu har ƙugu, wadda ake ɗorawa kan wando. Ba ta barina in taɓa ta sai na wanke hannu, ni da nake wanke mata jiki. Abin yana ba ni haushi.

'Ya'yanta biyu. Macen ce ta ɗauke ni aiki. Namijin direba ne, kowace Lahadi yakan kawo mata miya a roba. Wata Lahadi bai zo ba. Washegari 'yar ta ja ni kicin ta ce zuciyarsa ta buga a cikin mota, ya rasu. Likita ya ce zuciyar uwar ba za ta ɗauki labarin ba, shi ya sa suka gaya mata ya tafi aiki wata jiha.

"Ki taimaka, kada fuskarki ta nuna komai," in ji ta.

Na yarda. Kullum sai tsohuwa ta nuna min ƙofa, in ɗaga kafaɗa kamar ban gane ba. Na tsani hakan, amma na yi.

Ana cikin haka ƙanwata ta yi suna a unguwar Soundview. Mu mutanen Zangon Kumasi fari muke sawa ranar suna, daga kai har ƙafa, don farin ciki. Da lokacin aiki ya yi na cire farin leshina na sa yunifom, zan cire ɗankwalin ƙanwata ta ce, "Yaya, bar shi mana, ya yi miki fine. Je ki, kar ki yi late." Saboda zafi na ninke shi siriri na ɗaura a kan baƙar hulata, jela biyu suna lilo a baya.

Na tarar da tsohuwa zaune bakin taga. Kaina ta kalla, ba fuskata ba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, a hankali, ta kama rigar nan mai furanni tana fizga har maɓallai suka watse a ƙasa. Kukan da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ba. Nan take na kira 'yar a waya.

Tana shigowa ta ga kaina ta daka min tsawa, "Cire! Cire shi!" Ta ce a wajensu farin ƙyalle a kai mai jela a baya dangin mamaci ne kaɗai ke ɗaurawa. Uwar ta ɗauka an aiko ni ne in sanar da ita, tun da ba ni da bakin faɗa.

Raina ya ɓaci. "Fuskata kika ce in tsare, na tsare," na ce. "Wa ya gaya min ɗankwali yana magana?"

Ba ta kula ni ba, don tsohuwa ta riƙe hannunta tana maimaita abu ɗaya. Na tambaya me take cewa.

"Kwana nawa, shi take tambaya."

Ashirin da uku ne da rasuwarsa. Ta faɗa mata. Tsohuwa ta sake tambaya, wannan karon 'yar ta sunkuyar da kai. Daga baya ta fassara min. Su sukan ajiye wa mamacinsu shinkafa a kwano duk lokacin cin abinci, har a yi makonni. Uwar tana son ta san wa ya ajiye masa a gidan nan. Babu wanda ya ajiye. Ita tana ci sau uku a rana, ɗanta yana zaune da yunwa, haka ta ɗauki abin. Ba aƙidata ba ce, amma sai na ji kunya ta rufe ni, domin ni nake dafa abincin.

Tsohuwa ta dafa kujera ta miƙe ta nufi kicin. Wata shida ke nan ba ta iya taku uku ba tare da ni ba. Na yi sauri na miƙa hannu in tallafe ta, ta kauce, ta kama bango. Ta gwammace ta faɗi.