Kwamfutar Malam Zayyanu Ta Shiga Gado

Na Allah muke, kuma gare Shi duk za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Zayyanu Na'Allah, malamin fiziks na makarantarmu ta sakandare a Shagari. Yana kan babur zai koma gida Bodinga, wata babbar mota shaƙe da albasa ta kasa tsayawa, ta bi ta kansa. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Malam Zayyanu, ni Hausa nake koyarwa, amma ajina na manne da naka, don haka na sha darasinka ta taga. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da wuta. Ka sayi tsohuwar kwamfuta da guminka, kullum kana kai ta wurin mai caji a bakin kasuwa. Nakan tsokane ka da "mai majigi", kai kuwa sai dariya.

Za ka ɗora ta kan tebur, yara su yi cincirindo. Sai ga amalanke a fuskar na'urar. Ka tura shi, ya ruga. Ka ƙara masa buhu biyar, ka tura da ƙarfi iri ɗaya, ya tafi da kyar. Sai ka juyo ka ce, "To, mi kunka gani?" Ran da ka cire gogayyar ƙasa a cikin na'urar amalanken ya ƙi tsayawa, ɗalibarka Firdausi ta ce ita ba ta yarda ba. Ba ka tsawata mata ba. Ka aro kurar mai ruwa, ka sa ta tura a yashi, ta sake turawa a siminti, har ta gane da kanta. Yau ita ce ta ɗaya a ajin.

Dokokin motsi uku ne. Ka koyar da biyu, ka ce ta ukun sai mako mai zuwa. Ga jarrabawar fita ta ƙarato, kuma duk makarantar ba wani malamin fiziks.

Ranar da ka rasu kwamfutar na wurin caji. Na karɓo ta, ina fatan yaran su ci gaba da kallon abin da ka tsara musu. Bayan addu'ar bakwai sai yayanka, Alhaji Badaru, ya zo makaranta ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wagga na'ura dukiyar marayu ta. Dole a sa ta cikin gado." Wallahi raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Ka bar 'ya'ya uku ƙanana, ba mu da hurumin riƙe haƙƙinsu. Na naɗe ta da hannuna na miƙa masa, ɗalibanka na tsaitsaye suna kallo. Firdausi ta ce, "Malam, wa zai ƙarasa muna?"

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bayar ya bi ka. Ina yi wa uwargidanka Malama Safinatu da Alhaji Badaru da dukan dangi ta'aziyya. Allah Ya raya marayunka, Ya ba mu haƙurin rashinka. Su kuma ɗaliban nan naka, Allah Ya kawo wanda zai ƙarasa musu kafin jarrabawa, don har yau ba a turo kowa ba.