Ciwon da Yaya Ya Kira Ciwon Gwiwa

A shekarar da na dawo gida daga bautar ƙasa, lokacin dashen shinkafa, yayana ya fara tafiya yana buɗe ƙafafu. Ya ce gwiwa ce. Inna ta riƙa shafa masa man zafi, ni kuma na sayo maganin ciwon gaɓoɓi a kemis. Na lura yana daɗewa tsaye cikin ruwan fadama ko da an gama aiki. Daga baya ya gaya mini sanyin ruwan ne kawai ke ba shi sauƙi.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi a bakin gona, muka kai shi asibiti a Hadejia. Likita ya taɓa gwiwar, ya dube shi.

"Malam, wannan gwiwar ta fi tawa lafiya. Ina ne yake ciwo?"

Yaya ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

"Ƙanena ne, likita. Ya ɗan fita."

Da aka sake kirana, likita ya yi mini bayani, ban tabbata na riƙe duka ba. Ƙwayar cuta ce ta bi hanyar fitsari ta kama ƙwan marainansa na hagu da jijiyar da ke bayansa. Da ya zo da wuri, in ji shi, ƙwayoyin magani da hutu da ɗaure wurin sun isa. Yanzu ya tara mugunya, sai tiyata, kuma wataƙila a cire ƙwan. Ya ce a kawo matarsa ma a duba ta.

Na kasa ko da kallon Yaya. Ina tsaye ina tuna yadda muka yi ta dafa ruwa muna gasa gwiwar da ba abin da ya same ta. Bai daɗe da aure ba, ba su haihu ba tukuna.

An cire. Da ya farfaɗo, ya riƙo hannun rigata.

"Malam boko, ɗayan fa? Zan haihu?"

"Likita ya ce yawanci ɗaya yana isa, Yaya. Amma sai an yi gwaji nan gaba, don ba a…"

"E ko a'a?"

Na ce ban sani ba. Ya saki rigar, ya juya fuskarsa bango.